Kafar Baba Gwadabe

Nasarawa Gwom, Jos
9 ga Yuni, 2024

Ƙanena Badruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da fatan zafin Fatakwal bai narkar da kai ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya sa mu gaba, shekaranjiya har da ƙanƙara. Kunnena yana nan yadda ka bar shi. Na dama yana ɗan taɓukawa in an matso an ɗaga murya, na hagu kuwa ya yi ritaya tare da ni. Don haka ka daina kirana a waya kana ta ihu a gaban mutanen ofis. Wayar nan ba ta da wani amfani gare ni, tana cikin kwano a kan kabad. Direban da ke kai dankali da kabeji wajenku ya ce zai riƙa kai mana takarda yana kawowa, ni kuma rubutu ne sana'ata, shekara talatin da biyar ina koyarwa a makaranta.

Jiya aka yi addu'ar arba'in ta Baba. An taru, an ci, an watse, gida ya koma shiru. Shekara biyu ke nan da na dawo gidan nan bayan rasuwar maigidana, ban taɓa jin girmansa ba sai yanzu da nake ni kaɗai a ciki. Ina kewar Baba ƙwarai, har faɗan da muke yi a kan gishirin miya.

An raba kayansa. Keken ɗinkin an ba wani tela a layinmu, tufafin an kai masallaci. Abu ɗaya ya rage, shi ya sa na ɗauki biro: ƙafar robarsa. Tana jingine a bayan ƙofar ɗakinsa da takalminta a jiki, kullum na shiga shara sai gabana ya faɗi. Madam Chinyelu, matar nan da ta auna masa ita a wurin masu haɗa ƙafa, ta zo ta'aziyya. Ta rubuta mini a takarda cewa kwandon saman ne kawai aka yi daidai da dungun Baba, amma ƙarfen da tafin duk da sauransu. Ta ce akwai wani direban Keke mai taya uku da aka yanke wa ƙafa bara, mai 'ya'ya huɗu, yana zaune a gida, kuma in mun yarda za ta haɗa masa da su.

Ni dai zuciyata ta riga ta ba shi. Amma ban amsa mata ba. Kakanninmu ne wa da ƙane, na sani, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma shekara shida ka yi a gidan nan kana sakandare, kuma kai ka yi ta jigila da Baba lokacin da ciwon suga ya ci ƙafar har aka yi masa wannan. Ba zan fitar da ita daga gidan nan ba sai ka ce to.

Ka gaida kowa.

Yayarka,
Tabawa Gwadabe


Fatakwal
23 ga Yuni, 2024

Yaya Tabawa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin kina lafiya. Mu ma lafiya, ƙaramar ce ta yi mura amma ta warke. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ki yi haƙuri da rashin zuwana arba'in, gadar da muke ginawa ta kai inda ba a barin ta.

Yaya, don Allah kada ki bayar da ƙafar nan. Akwai abin da ban gaya miki ba. Sati biyu kafin rasuwar Baba, direban nan ya kawo mini 'yar takarda daga wurinsa, a bayan takardar awon ɗinki. Na kwafo miki ita kalma da kalma, sai dai na sa mata ƙugiyoyin da Baba bai taɓa sa wa harafi ba, don na san jan bironki bai yi ritaya ba. Ga abin da ya ce:

"Badaru, ka kula min da ƙafar nan. Ko bayan raina kada ka bari a taɓa ta. Yanzu ba don ni take ba. Kada ka gaya wa Tabawa, za ta yi faɗa."

Na saɓa masa a ta ƙarshen don ba yadda zan yi. Kin ga ya san halinki, ya san za ki bayar. Ni yadda na fahimci "ba don ni take ba" shi ne yana so ta zauna a gida, jikoki su gani su san wahalar da ya sha. Ina tausaya wa direban Keken, Allah Ya sani. Amma wannan ƙafa don mutum ɗaya aka auna ta, a gabana aka yi, kuma aikin da aka yi ta dominsa ya ƙare ranar da mai ita ya kwanta. Abin da ya rage amana ce. Ki naɗe ta ki sa a akwatinsa na ƙarfe ki kulle.

Sai maganar katangar baya, wadda ta raba mu da gidan marigayi Da Mwadkon. Tun watan Maris na aika wa Baba cewa zan sa a gyara ta, a cike tsagogin a yi mata filasta ta gefenmu, ga shi Allah bai nufa ya gani ba. Zan turo magini in ruwa ya ɗan lafa. Ki leƙa ki gaya mini yadda take.

Ƙaninki,
Badruddeen


Nasarawa Gwom, Jos
14 ga Yuli, 2024

Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah Ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Ni gwiwa ce ke ɗan damuna saboda sanyi, ban da ita ba komai.

Na karanta takardarka sau uku, na ajiye, na yi kuka, sannan na yi faɗan da Baba ya ce zan yi, ni kaɗai a tsakar gida. Jikoki su gani? Baba da ba ya yarda ko limamin unguwa ya gan shi ba wando a kan ƙafar nan, shi ne zai so a riƙa nuna wa yara? Mutumin da ke haɗa guntayen ƙyallen da ba su kai tafin hannu ba ya yi wa mutane matashin kai, shi ne zai so ƙarfe mai kyau ya yi tsatsa a akwati, ga wani yana jan gindi? Ka ce aikinta ya ƙare. Aikin ƙafa tafiya ne, Injiniya, kuma ba a daina tafiya a Jos ba don Baba ya rasu.

Amma na kulle ta. Ba hujjarka ce ta kayar da ni ba, wani abu ne na tuna. Kwana uku da rasuwa, Tina, 'yar Ngo Kaneng ta bayan katanga, matar marigayi Da Mwadkon, ta zo ta'aziyya. Ta ce mamarta ba ta iya zagayowa. Ka san tun rikicin nan aka toshe lungun da ya haɗa mu, yanzu sai an bi ta bakin titi an tsallake kwalbati an gangara ta kan duwatsu, tsohuwa kuwa ta haura tamanin. Da za ta tafi ta matso kunnena ta ce Mama ta ce a tambaye ni, ƙafar Baba tana nan ko? Na ce tana nan, ba wanda zai taɓa ta. Ta ce Mama za ta ji daɗi. A lokacin na yi mamakin tambayar. Yanzu na ga ashe Baba ya yi maganarta har da maƙwabta, don haka na haƙura. Na aika wa Madam Chinyelu ta yi haƙuri, kuma na ji kunyar aikawar.

Na duba katangar. Ta tsage wuri biyu, gara ta ci gindinta ta wajen rijiya. Sannan akwai wani rami a jikinta a bayan ɗakin Baba, faɗinsa kamar bakin kwanon miya, tsayinsa daidai kafaɗar mutum in yana zaune. Ta can gefen an kare shi da guntun kwanon rufi. Ban tura ba, ba a koya mana leƙen gidan mutane ba. A cikinsa na tarar da kofin silbar Baba, a ƙasansa kuma ga dutsen da yake zama da safe da shayinsa, har ya yi santsi. Ni ina ɗaukan wuridi yake yi a wurin.

Na tambayi mutane amfanin ramin, kowa da tasa. Matar mai shagon layinmu ta ce hanyar kyanwa ce. Mai gyaran rijiya ya ce magudanar ruwa ce, na ce ruwan da zai kai nan ai ya cinye mu. Liman ya ce wataƙila don iska ne. Ni ban sani ba, shekara talatin ina Bauci gidan aure. Abin da na sani, Baba ba ya barin abu a gidansa haka kawai.

Yayarka,
Tabawa


Fatakwal
4 ga Agusta, 2024

Yaya Tabawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Na gode da kika kulle ƙafar duk da ranki bai so ba. Faɗan kuma na karɓa.

Ramin nan ba sai an tambayi liman ba, a gabana aka huda shi ina aji biyu na sakandare. A lokacin ba mu da rijiya, su Da Mwadkon kuma suna da famfo. Shi da Baba tun suna samari suke tare, kwanon kuza suka ɗauka a rami ɗaya kafin Baba ya koyi ɗinki. Da Mwadkon ne ya huda katangar da kansa ya zuro mana tiyo, ni nake riƙe bakinsa ina cika randuna. Hanyar tiyo ce, ba wani abu ba. Yanzu ga rijiya a gida, famfon nasu ma na ji ya daɗe da ƙafewa. Kofin kuma Baba ya sami wurin ajiya ne kusa da hannunsa.

A aikinmu, rami a jikin katangar ƙasa in ba ya yin abin da aka huda shi dominsa, ya zama lahani. Ta nan ruwa ke shiga, daga nan tsaga ke farawa. Na gaya wa magini ya cike shi da dutse da siminti kafin ya yi filasta. Ran Lahadi kawai yake da sarari, zai zo farkon Satumba.

Ƙaninki,
Badruddeen


Nasarawa Gwom, Jos
15 ga Satumba, 2024

Badaru,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, motar direban ce ta lalace, ni ma kuma na ɗan kwanta.

Magininka ya zo ran Lahadin da ta wuce, ya gama kafin la'asar. Katanga ta yi sumul. Na ɗauke kofin Baba na wanke na kife a kan kabad. Abu ɗaya nake so ka yi mini bayani in ka huta, tunda kai ne mai ilimin amfanin abubuwa: ƙafa aikinta ya ƙare ka ce a ajiye, rami aikinsa ya ƙare ka ce a toshe. Na bi ka a duka biyun, amma ban gane lissafin ba.

Washegarin gyaran zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. Kwana uku ban hura wuta ba, ban ja guga ba, ko ƙofar ɗaki ban buɗe ba, ruwan buta na yi ta kurɓa. Ba wanda ya sani, in ma an buga ƙofar gida ni ba ji zan yi ba. Ran Alhamis na lallaɓa na je kemis. Yanzu na warware, kada ka tayar da hankalinka, kuma kada ka fara zancen a kawo mini mai taya ni zama. Ban tsufa haka ba.

Yayarka,
Tabawa


Nasarawa Gwom, Jos
6 ga Oktoba, 2024

Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, amma ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Ban jira amsarka ba don maganar ba ta jira.

Ran Laraba Tina ta zo. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ta yi magana ban ji ba, sai ta ɗauki biro a kan tebur ta rubuta a bayan kalanda: "Me ya sa kun rufe kafa?"

Na buɗe baki zan ce mata tana cikin akwati, sai idona ya tsaya a kan kalmar. Shekara talatin da biyar ina zagaye wannan harafi da jan biro a littafin yara, ina ce musu ƙafa daban, kafa daban, ɗaya ta tafiya ce, ɗaya ta jikin bango. Tina ba ta manta ƙugiya ba. Ba ƙugiya a maganar tun farko. Su Tina a bakinsu duka biyun ɗaya ne, ni kuma da rabin kunne na ji abin da ke raina. Ranar ta'aziyya ramin take tambaya, ni kuma na ce mata yana nan, ba wanda zai taɓa shi.

Ngo Kaneng ta faɗi. Ƙashin ƙugunta ya karye, ta yi sati uku a asibiti, yanzu tana gidan Tina a Daɗin Kowa. Likita ya ce da wuya ta sake takawa. Na ɗauki mayafi na bi Tina a take.

Na same ta a kwance ta rame, sai idanu. Ina jiran ta juya mini baya, sai ta kama hannuna ta jawo kunnena na dama har bakinta. Ga abin da ta gaya mini, wani na ji da kaina, wani Tina ta rubuta. Gaskiyarka, tiyo aka huda wa ramin. Amma da aka yi rikici aka hana fita, ta nan Baba ya riƙa tura musu garin masara, su kuma suna turo masa maganin hawan jinin Inna, Allah Ya jiƙanta. Da aka toshe lungu, ya zama nan ne zauren Baba da Da Mwadkon, kowa a kan dutsensa. Lokacin da Da Mwadkon ya rasu, 'ya'ya suka yi suka yi Ngo ta tashi daga unguwar ta ƙi, sai Baba ya riƙa zuba shayi a kofin nan kowace safiya ya sa a ramin. In kofi ya dawo wankakke, ta kwana lafiya. Shekara goma sha ɗaya suna haka, biyu daga ciki ina cikin gidan ina shara ta bayansa ban sani ba.

Sannan ta ƙara jawo ni ta ce, da Hausarta yadda ka san ta: "Gwadabe ya ce mini, Kaneng, yarinya na ba ya ji. In na mutu ka duba mini shi kullum da safe. Kar ka bari ya sani, zai yi fada."

Wata huɗu da rabi tana janye kwanon nan da safe tana duba ni. In ta ga na fito da buta, sai ta mayar ta rufe. Ran Lahadin da magini ya zo tana coci, daga can Tina ta wuce da ita gidanta sai yamma. Ran Litinin ta janye kwano ta ga siminti. Ta ce ba ta yi fushi ba, ta ce a ranta gidansu ne. Sai ta koma kasa kunne. Ba ta ji ƙarar guga ba, ba ta ga hayaƙi ta saman katanga ba. Ta buga bango da taɓarya, ta kira sunana har muryarta ta dishe. Ta kira Tina, Tina ta ce wataƙila na yi tafiya, ta bari sai Lahadi. Ran Laraba da safe ta ɗauki sanda ta kama hanyar da ta yi shekaru ba ta bi ba. A kan duwatsun gangaren nan ta zame, an yi ruwa da asuba.

Ka duba takardata ta baya ka ga inda nake a ranar Larabar nan. Ina kwance ina kurɓar ruwan buta. Ba ta yi kuskure ba ko kaɗan.

Ban rubuto don in ɗora maka ba. Kai ka sa ƙugiyar, amma tsoron jan birona ya sa ka sa, kuma ni ce na tsaya a kan magini ina nuna masa inda bai shafe da kyau ba. Ka ɗauko takardar Baba ta ainihi ka duba.

Tabawa


Fatakwal
13 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, amma tun da takardarki ta zo ban iya cin abincin kirki ba.

Na ɗauko takardar. "Ka kula min da kafar nan." Haka ya rubuta. Na juya bayanta na ga ranar da direba ya karɓa, kwana tara bayan saƙona na cewa zan gyara katanga. Amsar saƙona ce, Yaya. Ni mai gyaran katanga ya rubuta wa, ni kuma na karanta a matsayin wanda ya kai shi asibiti, don wannan ne abin da nake alfahari da shi.

Kin tambaye ni lissafin, ga shi ba ni da shi. Na ga ranar da aka huda ramin, sai na ɗauka na san shi. Na bar Jos shekara biyu kafin rikicin, ban taɓa tambayar me ramin ya yi ba a shekara ashirin da biyar da ba na nan. Kin gaya mini dutsen ya yi santsi, kin gaya mini an kare shi da kwano ba a toshe ba, na karanta na wuce.

Ki ba Madam Chinyelu ƙafar, in mutumin yana nan yana jira, ki ba shi haƙuri a madadina. Zan turo magini ya buɗe ramin, ko da yake ban san ko wa zai leƙa ta ciki yanzu ba. Na nemi hutu, zan zo ƙarshen wata. Ki tambayar mini Tina ko Ngo za ta yarda ta gan ni. In ta ƙi, ba zan ga laifinta ba.

Ƙaninki,
Badruddeen


Nasarawa Gwom, Jos
27 ga Oktoba, 2024

Ƙanena Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Ka ci abinci, ramarka ba za ta ɗora ƙashin kowa ba.

Ba sai ka turo magini ba. Na sami guntun rodi da gudumar Baba, na yi kwana biyu ina fama, hannuna duk ya yi bororo, amma na buɗe. Bakin ya ɗan fi na da faɗi kuma ya karkace, in ka zo ka runtse idonka na injiniya.

Ƙafar ta tafi. Madam Chinyelu ta ce mutumin yana nan, an fara auna shi. Na cire takalmin Baba na ajiye, shi kam ba zai yi wa kowa ba.

Ran Talata na raka Tina gidan Ngo kwasar kaya, don za su sa 'yan haya. Na bi ta kwalbati na gangara duwatsun nan ina dafa bango, na ga inda ta zame. A bayan gidan na tarar da 'yar kujerarta ta katako a gindin katanga. Na zauna na janye kwanon na leƙa. Ba a ganin ɗakin Baba ta nan sam. Ƙofar ɗakina ake gani, da bakin rijiya, da butata a inda na bar ta da safe. Na daɗe a zaune, Tina ta gane ta bar ni. Na roƙe ta ta gaya wa duk wanda zai shiga gidan kada ya toshe, in ya tambayi amfaninsa ta ce ya zagayo in gaya masa, labarin da tsawo.

Ngo ta ce ka zo. Ta ce ta tuna ka, kai ne mai jiƙa wando da tiyo. Ba ta sake ambaton siminti ba ko sau ɗaya. Abin da ya dame ta shi ne alkawarin da ta yi wa Baba, ta yi ta cewa yanzu wa zai duba ni. Na ce mata ni ba yarinya ba ce, sai ta yi dariya har ƙugun ya motsa ta yi ƙara, ta ce haka Gwadabe ya ce zan ce.

Tina ce ta kawo dabara. Ta sa na ɗauko wayar nan daga cikin kwano, ta gyara ta yadda in an kira za ta riƙa rawa a hannu. Yanzu kullum in na idar da sallar asuba gari ya waye, sai in yi wa Ngo filashin, wayarta tana gefen matashinta. Ita kuma sai ta mayar mini. Ba mai ɗauka, ba mai magana, ni ba na ji, ita kuma ba ta da ƙarfin ihu. Ina riƙe wayar a tafin hannu ina zaune a kan dutsen Baba, da shayi a kofinsa.

Yau ta makara. Na yi mata nawa ƙarfe shida da rabi, shiru. Bakwai saura kwata, shiru. Na tashi na kashe wuta, na sa takalmi, na yafa mayafi, na fito da makulli. Ina cikin kulle ƙofar gida wayar ta yi rawa a hannuna. Na tsaya a bakin ƙofa har ta gama, sannan na ƙarasa kullewa na tafi Daɗin Kowa ɗin duk da haka, tunda na riga na shirya.

In za ka taho ka riƙo mata busasshen kifin wajenku, tana son sa a gwate.

Yayarka,
Tabawa Gwadabe